Gaisuwar da Ta Cinye Agogon Dokta

Ban taɓa mantawa da wata ranar Asabar ba, a shekarata ta biyu a gidan gwanjon da muke aiki a nan Riyadh. Ku da kuka zo daga baya kuna tambaya me ya sa nake fara kowace waya da "Wa ke kusa da kai?" Ga dalili.

Aikina a lokacin teburin waya ne. Mai saye da ba ya son shiga zaure sai a haɗa shi da ma'aikaci guda. Idan kayan da yake so ya kusa fitowa, mu kira shi, mu riƙa faɗa masa farashin da mai guduma, wato mai kiran gwanjon, ya kira, ya ce e ko a'a. Doka biyu ce: ba ka ɗaga allonka na taya kaya sai mai sayen ya ce e da bakinsa, kuma ana naɗar kowace waya.

Mutumina shi ne Dokta Mansur, babban likita ɗan Kano, mazaunin unguwar Al-Naseem. Tsofaffin agogunan ƙarfe yake tarawa, irin masu maɓalli biyu a gefe, ka danna ɗaya ya fara ƙirga daƙiƙu, ka sake dannawa ya tsaya. Matuƙa jirgi da masu tseren mota aka yi wa su. A nan na ƙarfe ne ke tashe, tunda namiji ba ya ɗaura zinariya, kuma gwargwadon koɗewar agogo da ƙarzunansa, gwargwadon tsadarsa. Wanda Dokta ke nema fuskarsa ta koma launin shayi da madara. Shekaru yana farautarsa, shi da ban taɓa jin ya isa walima kafin a ɗauke faranti ba.

Dokta bai yarda mutanenmu su san yana wannan harka ba. Shi ya sa ba ya zuwa zaure, ya kuma ƙi rubuta mana iyakar abin da zai biya. Cewa ya yi, "Sanusi, idan da mutane a wurin, e da a'a kawai za ka ji daga bakina."

Abin da ban sani ba, a daren da ya gabata ya ɗauko surukinsa, Baba Alhaji, daga filin jirgi, an kawo shi duba ido. Tun a mota kuma ya fara yi wa tsohon bayanin cewa Saudiyya ba kamar da ba ce, albashi sai lallaɓawa.

Bayan la'asar, saura kaya biyu a zo kan namu, na kira.

"A'a, Sanusi! Ya aiki?" in ji Dokta, da muryar wanda aka kira don zumunci.

Sai na ji wata murya a gefe. "Wane Sanusin?"

"Wani yaronmu ne, Baba, ɗan Zariya."

"Zariya? Miƙo shi mu gaisa."

Wa zai hana surukinsa waya? Dokta ya miƙa.

Baba Alhaji ya yi fatauci a Zariya yana saurayi, gaisuwarsa kuma ta mutanen da ce, ba a tsallake komai. Ina wuni, ina gajiya, ya iyali, ya zafi, ya baƙunta. Ina amsawa ina kallon ma'aikaci sanye da farar safar hannu yana ɗaga agogon sama.

Na ce, "Baba, ko zan ɗan yi magana da Dokta?"

"Dokta na nan, ba inda za shi. Ku da kullum kuna tare! Ɗan wace unguwa ne kai?"

Na faɗa masa. Ashe ya san kakana, har sun taɓa kwana a mota ɗaya a hanyar Funtuwa. Da na ce ya rasu, sai ya yi salati, ya ɗora addu'a. A bayansa ina jin Dokta yana tari irin na mai lafiya.

Mai guduma ya san ina da mai saye a kan layi. Ya nuna ni da gudumar, yana jira. A zauren gwanjo gyaɗa kai ma taya ne, don haka na riƙa girgiza masa kai alamar a'a, bakina yana cewa "Amin, amin." Baba na kan roƙa wa zuriyarmu albarka guduma ta sauka. Wani mutumin Jidda ya tafi da agogon.

Da Dokta ya karɓi wayar, nan take ya ce, "E."

Na ce, "Ranka ya daɗe, an sayar."

Ya ce, "To madalla, a gaida gida."

Ranar Lahadi ya shigar da ƙara cewa ma'aikacinsu ya tsaya hira ya bar kaya ya wuce. Ƙara irin wannan kora ce, kuma iƙamata, wato takardar izinin zamana a ƙasar, a hannun kamfanin take, ga lokacin sabunta ta ya kusa. Mudir, wato manajanmu Abu Faisal, ya zaunar da ni da Dokta a ofis, ya kunna naɗin, ya ce in fassara.

"Me ya ce a nan?"

"Yana tambayar gajiyata."

"Ka gaji ne?"

"A'a, na ce masa babu."

"Nan fa?"

"Yana tambayar yarana."

"Ba su da lafiya?"

"Lafiyarsu ƙalau, Mudir."

"Ya san su?"

"Ni ma bai san ni ba."

Abu Faisal ya tsayar da naɗin. Ya ce bai yarda ba. Ba a taɓa yin mutum biyu da ba su san juna ba su yi wannan doguwar magana a kan ba komai, kayan wannan kuɗi na wucewa. Wanda ake ƙara ma ba ya fassara wa kansa. A kira Abdu direba, ya saurara tun daga farko, a rubuta.

Abdu ɗan Maraɗi ne, a unguwar Jaradiya yake zaune. Mutumin kirki ne, sai dai abin da ya ji da magariba, kafin isha an tattauna shi a kowane ɗakin Hausawa, da safe ya isa Kano. A naɗin kuwa muryar mai guduma na fita tar, yana kiran riyal da Larabci, Abdu kuma na jin Larabcin kuɗi. Baba Alhaji yana Al-Naseem da bandeji a ido, amma kunnuwansa lafiya lau.

Dokta ya gyara zama. Ya ce wa Mudir da Turanci ya sake tunani, yaron bai yi laifi ba, dama Allah bai nufa agogon nasa ba ne.

"Khalas?" in ji Abu Faisal, wato shi ke nan?

"Khalas."

A bakin ƙofa Dokta ya kama hannuna ya rage murya. "Da ka katse shi mana, Sanusi."

Na ce, "Ranka ya daɗe, kai da ke zaune kusa da shi?"

Abin da na koya ke nan. Mai saye ba ya tsoron wanda zai fi shi taya kamar yadda yake tsoron na gida ya ji nawa ya taya. Tun daga ranar, ana gobe gwanjo nake kiran duk Bahaushen da aka ba ni, in gaida shi da mutanen gidansa kaf, sannan ran gwanjo in tambayi wa ke kusa da shi. Dokta yanzu daga cikin motarsa yake taya, a wurin ajiye motocin asibiti, gilasai a rufe.

Baba Alhaji kuwa ya karɓi lambata kafin ya koma gida. Duk Juma'a sai ya kira, kuma bai taɓa rufewa ba sai ya ce in riƙa kula da Dokta, bawan Allah, ko sabon agogo ya kasa saya.