Abin da Baba Juji Ya Mayar Mana

Ku matso, ku ba ni kunnuwanku, ga ta nan tafe gare ku. Ba mai daɗi ba ce, amma ita ke gare ni.

Ina yarinya, a ƙauyenmu na gefen Wad Haddad, da an sallame magariba muke zagaye kakata Inna Dije a ƙarƙashin rakuba, rumfar tsakar gida. Ɗumin wutar karan auduga muke ji, mai saurin ci da saurin mutuwa, don haka tatsuniyoyinta ba su da tsawo. Bakinta na ba da labari, hannunta na wani aikin. Tsumman riga ta naɗe shi gammo. Fasasshiyar ƙwarya ta ɗinke ta. Gwangwanin da aka jefar ta huda shi ya zama fitila. Ƙasarin gero na awaki ne, tokar murhu ta miya ce. Takardar da aka ƙunso sukari a ciki ta shafe ta a cinya ta miƙe, ta ƙulle irin kuɓewa har shekara ta zagayo. Idan kuwa takardar da rubutu a jikinta, sai ta soke ta a jinka, don ba ta yi karatu ba, ba ta san wadda ke ɗauke da sunan Allah ba. Ni ma haka na tashi, har yau ban iya taka takarda.

Abin da ya gagari hannunta kaɗai ake kai wa juji a bayan gida.

Tatsuniyar da ta fi maimaitawa ita ce ta Baba Juji. Ta ce Juji tsoho ne mai ƙaton ciki, ba shi da haƙori, yana zaune bayan kowane gida yana jira a ba shi. Wata mata mai ƙyama ta ce ita ba za a ga ƙazamin tsoho a bayan ɗakinta ba. Kullum ta yi shara sai ta ɗauka ta kai kogi ta zuba. Maƙwabciyarta kuwa ɓawon kabewa, ƙaiƙayi, kashin awaki, duk na Baba Juji ne, tana ba shi tana masa sannu da zama.

Sai aka yi shekarar yunwa. Maƙwabciyar ta je ta durƙusa ta ce, "Baba, yara na kuka." Ya ce, "Buɗe cikina." Ta buɗe, sai ga kabewa ta yi yaɗo, ga baƙar ƙasa mai laushi, ta kwasa ta kai gona, dawa ta fi ta tsawo. Mai ƙyama ta gani, ita ma ta zo ta durƙusa tana toshe hanci. Ya ce, "Buɗe cikina." Ta buɗe, wayam.

A nan Inna Dije kan sauke murya, ta yi irin ta tsoho: "Ɗiyata, ni ba na haihuwa. Abin da kika ba ni, shi nake mayar miki."

Mu yi ta dariya. Yayana Usmanu ya ce, "Inna, in na ba shi takalmina fa?"

"Ja'iri, sai ya mayar maka da wari. Tashi ka ƙara kara a wuta."

Kowace shekara kafin shuka, jakin babanmu ke jigilar jujin nan zuwa hawasha, gonar da muke nomawa a bakin tur'a, magudanar da ke kawo wa gonaki ruwa. Da idona na ga wurin da aka zuba ya fi sauran duhun ganye.

Na yi aure, na haifa, na aurar. Ban san ranar da leda ta shigo garinmu ba. Kis ake ce mata, ba a saye, kyauta mai kanti ke bayarwa. Sukari a ciki, mai a ciki, har gishirin miya ɗaya a ciki. Muka yi murna. Muka riƙa kai wa Baba Juji kamar yadda muka saba kai masa komai, ba wanda ya tsaya ya duba ko tsohon yana iya haɗiyewa.

Da yaƙi ya taso mu muka bar gari, da ya lafa muka dawo ba mu cika ba. Matar ɗana Sale ta rasu a hanya, ta bar jaririya, Hawwa'u. Gidan muka tarar ba ƙofa, ba tukunya. Abin da muka dawo da shi mai rai, bayan kanmu, jar akuya ce guda, mai shayarwa. Nononta ne abincin Hawwa'u. Ba ciyawa, ba dusa, tur'a ta ƙafe, sai muka sake ta tana kiwo a juji. Na ce a raina awakin Inna Dije ma can suka yi ƙiba, akuya ta ci takarda ta kwana lafiya.

Cikinta ya yi ta girma, haƙarƙarinta na fitowa. Jikata Asiya, yayar jaririyar, mai kirana Habboba, wato kaka da Larabci, ta ce, "Habboba, ciki gare ta, za mu sami 'ya'ya!"

Na taɓa cikin. Tauri ne irin na dutsen niƙa, ba motsi. Nonon ya koma rabin moɗa, ya koma abin da bai rufe gindin moɗa ba. Na dafa mata jiƙo, na ɗura mata mai. Hawwa'u na tsotsar yatsana tana kuka, kukan ma ya zo ya daina fita.

Ranar da akuyar ta kasa tashi, Sale ya ce, "Inna, in muka bar ta za ta mutu mushe." Ya yanka. Da ya farke tumbin, sai ya ja da baya. Dunƙule guda ya ciro, kamar kan mutum, leda ce ta nannaɗe juna, baƙa da fara da shuɗiya, da igiyar buhu a tsakiya. Ba wadda ta narke. Na gane mai ratsin ja, irin wadda nake sayo ganyen shayi a ciki tun kafin yaƙi.

Asiya ta ce, "Habboba, wa ya ba ta wannan?"

Muryar Inna Dije nake ji, irin ta tsoho.

Na daɗe ina zaton tatsuniyar nan kan mai ƙyama take magana. Ashe har da mu masu bayarwa. Tsohon bai sauya hali ba, mu ne muka ba shi abin da ba ya ciyuwa. Yanzu ina zuwa kanti da ƙwaryata da tsohuwar takarda a lalita, ina ware ɓawo da toka gefe guda, ledar kuma in tsince in kitsa igiya. Yara na cewa tsohuwa ta ruɗe. Iska kuwa kullum sai ta kwaso ta maƙwabta ta rataye mini a ƙaya.

Inna Dije tana kwance a maƙabartar bakin gari, leda ta lulluɓe ƙayar da aka shinge kabarinta da ita. Usmanu tun guduwarmu ba mu ji ɗuriyarsa ba. Sale ya bar hawasha ya tafi garin Hasahisa dako. Asiya na nan, in na fara tatsuniya da Hausa sai ta ce in faɗa da Larabci. Hawwa'u ba ta kai damina ba.

Ƙurunƙus. Kan kusun kuwa, ku kai wa Baba Juji, shi dai zai iya cinsa.