Mama Hadassah Gimba da Ranar da Jarinmu Ya Faɗi

Ƙarfe bakwai da rabi keke napep ke sauke ta a bakin Kasuwar Kure. Daga Barkin Sale take tahowa, da jaka a hammata da gorar kunu a hannu. Sai ta bi ta layin 'yan hatsi tana gaida kowa da sunansa, ta buɗe ɗan ofishin ƙungiyarmu ta gama-kai, ta share shi da kanta. Kafin mamba na farko ya leƙo, ta riga ta sa tabarau ta duƙufa a kan waya, tana karanta labarin kasuwannin da yawancinmu ba mu san a wace ƙasa suke ba. Wannan ita ce Mama Hadassah Gimba, tsohuwar malamar lissafi, sakatariyarmu shekara ashirin da uku. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

Abu ɗaya zan ba da labarinsa, domin a gabana aka yi, kuma ba a ɓangaren da ya dace na tsaya ba.

A farkon daminar 2022 ta kawo mana shawara a taron wata. Kowannenmu yana da ajiya a ƙungiya, kuma kowa na gani naira na zubewa. Abin da ajiyar ta isa saye bara, bana ba ta isa ba. Ta ce hannun jarin manyan kamfanonin fasaha na ƙetare, masu ƙera wayoyin da ke aljihunmu, ya yi araha. Wata huɗu ta yi tana bin rahotanninsu: ciniki bai tsaya ba, riba na shigowa, tsoro ne kawai ya kama masu jari suke ta sayarwa. Ta nemi duk wanda ya yarda a sa kashi ɗaya cikin biyar na ajiyarsa, ta hannun dillali mai lasisi, ban da ƙarin ko kwabo. Tun kafin taron ta kai sunayen kamfanonin wurin Malam Zikrullahi, limamin masallacin layinmu, suka zauna suka cire waɗanda Musulmin cikinmu ba za su natsu da su ba.

"Zai iya ƙara faɗuwa," in ji ta. "Wanda ba zai iya jiran shekara uku ba, kada ya ɗaga hannu."

Mu arba'in da bakwai muka ɗaga.

Ya kuwa ƙara faɗuwa. Zuwa Disamba, duk dala ɗari da muka sa ta koma saba'in a takardar dillalin. Ranar Asabar bayan azahar muka cika ofishin, wasu a bakin taga, wani ya tura ƙofa ya jingina da ita. Alhaji Munzali, dillalin shinkafa, shi ya fara buga tebur.

"Ina kuɗinmu? Nuna mana mu gani da ido!"

"Suna wurin dillali, Alhaji. Ga takarda."

"Takarda! Ƙanina ma takarda aka nuna masa, yau ko babur ba shi da shi!"

Ɗaki ya rikice. Wata ta ce dama ta ji an ce Mama na gini a ƙauye. A nan ne na ɗaga murya na ce a kira 'yan sanda. Ni ɗin nan, wanda ta koyar da 'ya'yana biyu lissafi ranakun Asabar ba ta karɓi ko sisi ba.

Mama ta miƙe. Ta miƙa wa Alhaji Munzali wayarta, ta ce ya kira dillalin da kansa, ya buɗe murya kowa ya ji. Aka kira, aka karanto mana abin da ke cikin asusun, daidai da takardarta.

"To yaushe zai tashi?" Alhaji ya tambaya.

"Ban sani ba."

"Ba ki sani ba?"

"Ban sani ba, Alhaji. Kamfanonin nan suna nan suna ciniki, wannan na sani. Ranar tashi kuwa, in na faɗa maka na yi ƙarya. Ni na kawo shawarar, in laifi ne nawa ne. Mai son a sayar da nasa yau, za a sayar, amma asarar ta tabbata ke nan."

Sai Sakinatu mai man ja ta yi magana daga bakin taga, murya ƙasa-ƙasa. Mijinta na kwance a asibiti, likita ya ce tiyata kafin mako biyu.

"Mama, ni ban ce kin ci ba. Amma in aka sayar da nawa a haka, ba zai kai ba."

"Ki zo Litinin," Mama ta ce.

Mutum goma sha tara suka sayar da nasu a ranar, har da Alhaji Munzali, wanda ya shekara ba ya amsa gaisuwarta. Sauranmu muka zauna jira, ba don ƙarfin zuciya ba, sai don ba mu san abin yi ba. Sakinatu kuwa ta zo Litinin ta karɓi kuɗinta cif, kamar yadda ta sa su. Muka ɗauka dillalin ne ya yi mata sassauci.

Sai bayan wata shida Philip mai walda ya ba ni labari. Washegarin rikicin nan, ranar Lahadi, bayan an tashi daga coci, Mama ta kira shi ta sayar masa da injin markaɗenta a kan farashin gaggawa, injin da ke ciyar da gidanta tun rasuwar mijinta. Da kuɗin ta sayi kason Sakinatu a kan tsohon farashi, ta ɗauki asarar a kanta.

Ke ce kika yi wannan, Mama, kika kuma yi shiru. Ke ce kika ci gaba da gaishe ni kowace safiya alhali kin ji abin da na faɗa. Ban taɓa ba ki haƙuri ba. Ki yafe mini.

Shekara ta zagayo, farashi ya farfaɗo, ya wuce inda muka saya. Da aka sayar da kason da ta saya a wurin Sakinatu, Mama ta cire kuɗin injinta kawai, ta kai wa Sakinatu sauran har rumfa. Mijin Sakinatu yana nan da ransa, shi ya tabbatar mini.

A taron watan nan, na ƙarshe da ta zauna a kujerar sakatariya, muka taso mata da sabuwar magana: tunda an ci riba, a kwashe ajiyar gaba ɗaya a zuba. Har Alhaji Munzali yana cikin masu matsawa. Ta ce a'a.

"Wancan karon ma ban san gobe ba. Shi ya sa na ce kashi ɗaya cikin biyar. Da ya ci gaba da faɗuwa fa? Yanzu kuma ba araha yake ba. Kada ku sa abin da in ya tafi za ku kasa cin abinci."

An yi ta guna-guni, amma ba a buga tebur ba.

Mun gode, uwar ƙungiya. Allah ya ƙara lafiya, ya sa ki huta cikin jikokinki. Ku kuma da aka damƙa wa amanar jama'a, a kasuwa ne, a ofis, ko a unguwa, ku yi koyi da ita. Ku yi bincike kafin ku ba da shawara, ku tsaya a wurin in abu ya lalace. Ranar da ɗaki ya cika da masu fushi aka tambaye ku abin da ba ku sani ba, ku ce ba ku sani ba.