Ranar da tansiyon Baba ta sauka

Shekarar da sojoji suka karɓi mulki, fari ya kashe shanu har fata ta yi yawa a Yamai. Mahaifina, ɗan Tawa mai sayen fatu, ya cika shagonsa da su. Can ne wata tsohuwar waya ta yanke shi a ƙafa. Ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da aiki.

Baba ya daɗe da hawan jini. A gidanmu na unguwar Yantala ba a cewa hawan jini, sai tansiyo. Saboda ita Inna ta rage gishiri, saboda ita ake kai masa mugun labari a hankali. Duk addu'ar gidan ita ce Allah ya saukar da ita.

Ƙafar ta kumbura, zazzaɓi ya kama shi. Wata Juma'a da hantsi na kira maƙwabcinmu, ma'aikacin jinya, ya auna shi. Ya sake aunawa. Sai ya ce mini da Faransanci tansiyo ta faɗi ƙwarai, a kai shi asibiti yanzu. Ya tafi wurin aikinsa.

Da na juya maganar zuwa Hausa, ƙanen Baba, wanda muke kira Baffa, ya tsinci kalma biyu: tansiyo, sauka. Ya yi hamdala. Inna ta taɓa hannun Baba ta ji ɗumi, ta ce jini ya fara gudu, sauƙi ne.

Na ce wannan saukar ba ta alheri ba ce. Baffa ya tambaye ni sunan ciwon. Ni da nake juya sanarwar sojoji zuwa Hausa kullum a gidan rediyo, ba a taɓa maido mini da jimla ba, na rasa suna. Na ce ƙarancin jini, ya ce ai Baba na cin nama. Na ce faɗuwar jini, ya ce ina ya faɗi.

"Ɗan rediyo," in ji shi, "shekara nawa muna roƙon ta sauka, yau ta sauka kana neman a mai da ita?"

Aka yi dariya. Ya ce a bari a sauko daga masallaci, in ya so a duba.

Kafin la'asar hannun ya yi sanyi, Baba ya daina gane mu. Sai a lokacin aka nemi mota. A asibiti an ɗaura masa ruwa, amma jinin bai tashi ba. Washegari muka kai shi makwancinsa.

Bayan shekaru ƴata ta zama likita. Ita ta bayyana mini: idan ƙwayoyin cuta suka shiga jini, jiki kan yi wata iska fiye da kima, wadda Faransanci ke kira monoxyde d'azote. Ita ke saki jijiyoyi su buɗe, ƙarfin jini ya zube, fata kuwa ta yi ɗumi kamar ta mai lafiya. Ta ce a zamanin Baba ko likitoci ba su san da ita ba.

Na ce ta faɗa mini sunan ciwon da Hausa, sunan da da Baffa ya ji shi ranar nan, da ya tashi ya nemo mota. Sai ta fara da cewa, "Wato, Baba, kamar a ce..."