Soson Mota da Randar Mama

Na manta fuskokin manya da yawa da na tuƙa, na manta lambobin motocinsu, amma abin da soson goge mota ya jawo mini a Durumi ba zai taɓa fita daga raina ba.

Lokacin da gwamnati ke kwaso kayanta daga Legas zuwa Abuja ne. Ni direba ne a wata ma'aikata, aka haɗo ni da ogana da tulin fayil-fayil aka kawo mu. Manya an ba su gidaje, mu ƙanana kuwa kowa ya yi ta kansa. Wasu abokan aikina a Suleja suke kwana, wasu a cikin motocin ofis. Ni Allah ya dube ni na samu ɗaki a Durumi, a gidan wata dattijuwa 'yar Gbagyi da kowa ke kira Mama. Har na aika wa matata cewa ta fara ɗaure kaya, da zarar damina ta faɗi zan je in ɗauko ta.

Mama ba ta da hayaniya, amma tana da doka guda. A gindin mangwaron da ke tsakar gida akwai wata tsohuwar randa, ja, mai faɗin ciki. Mahaifiyarta ce ta gina ta da hannunta, kuma da aka tashi ƙauyensu don a yi titi, a kafaɗa Mama ta ɗauko ta, yadda matansu ke ɗaukar kaya. Ranar da na tare ta kai ni gabanta ta ce, "Direba, ka sha ruwa yadda kana so. Amma wanda ya lalata mini randan nan, shi da gidan nan sun rabu." Babu lantarki a unguwar, amma ruwan randar nan ko a tsakiyar bazara sai ya kama maka haƙori. Kullum jikinta a jiƙe yake, tana tsattsafo da ruwa a hankali.

Ana nan sai ogana ya dawo daga wani kwas a Turai da tsarabar da ya fi ji da ita: gwangwanin wani mai da ake shafa wa mota bayan an wanke ta, ya rufe fenti yadda ruwa da rana ba za su ci shi ba. Tare da shi akwai soso guda uku, rawaya, masu laushi, kowanne kamar fankaso. Zai koma Legas ganin iyalinsa, sai ya bar mini motar da kayan. Ya ɗaga soso ɗaya ya ce, "Ka ji ni da kyau. Kana gamawa, immediately, ka wanke su da ruwan ɗumi da sabulu, ka matse, ka shanya a inuwa. In ka bar man nan a jikinsu, matsala ce."

Na ce, "An gama, ranka ya daɗe." A zuci kuwa cewa nake, ni da na shekara goma ina wanke mota a Legas, yau za a koya mini wanke soso. A wancan lokacin ina da kai, ba na ɓoyewa.

Ranar Asabar da safe na wanke motar a ƙofar gida, na zauna na shafe ta tsaf. Oga ya ce kaɗan ake ɗiba, ni kuwa na ga abin Turai ne, sai na riƙa dangwalowa kamar mai shafa wa jariri man kaɗe. Da na goge, baƙar motar nan ta koma madubi. Na watsa mata ruwa don gwaji, ruwan ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya ya gangare bai bar ko ɗigo ba. Nan take na ji ba zan iya haƙuri ba sai direbobin da ke zama wurin mai shayi a Wuse sun gani. Na jefa sosunan uku, jage-jage da mai, a kan dakalin da ke kusa da mangwaro, na ce in na dawo na wanke. Na tayar da mota na tafi shan yabo, kuma na sha shi har la'asar.

Ina dawowa na tarar da mata sun cika tsakar gida ana ta dariya. Mama na tsakiya, randarta na gabanta tana wani irin sheƙi da ban taɓa gani ba. Ta hango ni ta ce, "Direba, wannan soso naka yana da kyau. Na ga ka bari, na ce bari in share randa na da shi. Duba yadda ya zama sabo." Ta ɗebo ruwa a moɗa ta zuba wa jikin randar, ruwan ya dunƙule ya gangare, daidai yadda ya yi a motar oga. Matan suka yi ta tafi, wata ma har tana roƙon a ara mata soson. Ni ma na yi dariya, har da cewa ai kayan Turai ne. Wallahi ko kaɗan hankalina bai kawo komai ba.

Sai ranar Litinin, na dawo daga ofis da ƙishi, na kafa kai a moɗa, na ji ruwa ɗumi kamar an sauke shi daga murhu. Na taɓa jikin randar, a bushe ƙayau. A nan na gane abin da ya faru. Man da aka yi don ya hana ruwa shiga fenti, shi ya hana ruwa fita daga randa, kuma randar da ba ta tsattsafo ba ta sanyaya ruwa. Mama na zaune a kan kujerarta ta yi tagumi. Ta ce, "Randa na ya daina gumi. Tun ina yarinya bai taɓa yi ba. Ko ranar Asabar wani ya sa masa ido ne?"

Ga hanyar tsira ta buɗe mini da kanta. Ba ni take zargi ba, matan da suka zo kallo take zargi. In na yi shiru ɗakina na nan, matata ta zo. In na yi magana, na san dokar gidan. Na shiga ɗaki na zauna, na tashi, na sake zama. Kwana biyu ina wucewa ta gaban randar nan kamar ɓarawo. A rana ta uku na ji Mama ta ƙi amsa gaisuwar maƙwabciyarta, aminiyarta da suke zuwa coci tare. Kunya ta kama ni sosai, na ji ba zan iya ba.

Na durƙusa a gabanta na ce, "Mama, babu wanda ya sa wa randarki ido. Man motar da ke jikin soson nan ne ya toshe ta. An ce in wanke, ban wanke ba. Laifina ne." Ni kuwa har na fara lissafin wanda zai rage mini wuri a Suleja. Can ta ce, "To mai ne kawai?" Na ce shi ne. Ta ce, "Ka cire shi. In bai fita ba, kai ka fita."

Na tafasa ruwa, na zuba garin sabulu, na dirje randar nan har yatsuna suka yi fari. Na ƙara da toka, na ƙara da totuwar masara. Sheƙin ya tafi, amma gumi bai dawo ba, don man ya riga ya shige cikin yumɓu. Mama ta leƙo ta ce, "Kai mota ka sani. Tashi ka kawo mini busasshen ciyawa da yawa."

Da hantsi ta juye ruwan, ta bar randar ta bushe a rana, sannan ta kifa ta a bayan gida ta lulluɓe ta da ciyawa, yadda ta ga mahaifiyarta na gasa sababbin tukwane. Kafin ta ƙyasta ashana ta ce, "Tsohon randa ne. Zai iya fashewa." Wuta ta kama, wani hayaƙi mai warin gareji ya tashi. Ina tsaye ina karanta duk addu'ar da na sani, ita ma tana motsa baki da tata. Muka ji wani ɗan ƙas, na rufe ido. Ashe kara ne ya fashe a cikin wutar. Da toka ta huce Mama ta ƙwanƙwasa randar da yatsa, ta amsa da ƙara mai kyau, sai dai ta yi baƙi a gefe guda.

Muka mayar da ita gindin mangwaro, na yi sawu huɗu zuwa rafi na cika ta. Washegari da rana tsaka Mama ta kira ni, ta kama hannuna ta ɗora a jikin randar. A jiƙe take. Ta ɗebo ruwa ta miƙo mini, na sha, ya kama mini haƙori. Ta ce, "Ka aika wa matarka ya zo. Amma soso naka kada in ƙara gani a dakali na." Daga nan ta yafa zane ta tafi gidan maƙwabciyarta.

Sosunan kuwa sun sandare kamar busasshen burodi, na sha faɗan oga, kuma na cancanta. Na yi shekara ashirin da wani abu ina tuƙi bayan wannan, ban ƙara tayar da mota zuwa ko'ina ba sai na wanke sosona da ruwan ɗumi na shanya a inuwa. Abin da na koya shi ne, ƙyallin mota ba shi ne ƙarshen aiki ba, sai ka wanke abin da ka yi aikin da shi, domin dattin da ka bari a baya wani ne zai ɗauka, kuma sau da yawa wanda ya yi maka alheri ne.