Yadda Kawu Hayaƙi Ya Koma Aikin Sola

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, shekara ashirin da shida ya yi yana gyaran janareta a bakin layinmu. Hayaƙi ake ce masa, kuma yana amsawa da fara'a. Shagonsa rumfa ce ta kwano mai ƙofa ɗaya, ƙasanta ya sha baƙin mai har yana sheƙi. A ciki akwai benci mai ƙafa uku da bulo, da kwano cike da tsofaffin fulogogi, da janaretoci jere kamar marasa lafiya a layin ganin likita.

Da gyaran keke ya fara tun yana saurayi, ya koma babur, daga nan ya gane cewa a unguwar da wuta ke zuwa sau biyu a mako, mai gyaran janareta ba zai kwana da yunwa ba. Ya iya aikin ƙwarai. Kafin ka sauke injinka daga babur zai ce ka tayar, ya karkata kai, ya ce, "Kafireta ce," kuma ita ɗin ce. Sai dai ƙarar ta cinye masa rabin ji, shi ya sa ko gaisuwa zai yi sai ka ɗauka faɗa ne. Matarsa, wadda muke kira Umma, takan ce masa, "Malam, ni fa ga ni kusa da kai, ba a tsallaken titi nake ba."

Ni tela ne, shagona na kallon nasa. Daga hagun shagonsa akwai mai aski, daga dama mai kemis, can ƙarshen layi kuma wata dattijuwa mai injin niƙa. Kowannenmu da janaretansa a ƙofar shago. Da hantsi ya yi, layin zai ɗauki ruri, hayaƙi ya turnuƙe, ciniki ya koma na nuni da hannu. Na taɓa auna wani mutum, ya ce in rage tsawon wandon, ni kuma na ji ya ce in ƙara. Da ya zo karɓa ya saka, sai da ya naɗe ƙafar wandon sau uku.

Kawu yana da 'ya'ya huɗu, amma babbar ce ta ɗauko hannunsa. Uwata yake kiranta. Ta tashi tana kwance rediyon gida tana mayarwa, da ta gama sakandare kuma ta shiga makarantar koyon aikin lantarki. Ta yi aure, ta haifi biyu, ta yi aiki a wani kamfani na 'yan shekaru, sannan suka dawo unguwa da mijinta. Ta dawo da akwatin kayan aiki da mita mai wayoyi ja da baƙi, da magana ɗaya a bakinta: sola. Nan da nan layi ya sa mata suna Injiniya.

Mai aski ne ya fara amincewa da ita. Ta ɗora masa faranti biyu na tara hasken rana a kan kwanon shagonsa, ta ajiye batir da inbata mai rarraba wutar a ƙarƙashin teburinsa. Kawu yana zaune a bencinsa yana kallo, ya harɗe hannu.

"Madubi ne za ki ɗora wa mutum a kai ki ce wuta?" ya ɗaga murya. "Idan hadari ya haɗo fa? Ya bar wa mutane rabin aski?"

"Baba, batir na nan," ta ce daga saman tsani.

"Batir! Mu zuba ido."

Muka zuba ido wata uku. An yi ruwa, an yi hadari, injin askin bai tsaya ba. Mai aski ya daina aika neman fetur da jarka, ya sayi fanka ta biyu, ya fara yi wa mutane cajin waya kyauta don su zauna layi. Mai kemis ya bi sahu, saboda magungunan firjinsa sun sha lalacewa idan mai ya yanke a gari.

Ni ma raina ya biya, amma ina jin nauyin Kawu. Shi ya saya mini keken ɗinkina na farko. Sai na jira ya tafi duba wani abokinsa na kwana uku, na kira Injiniya.

"Matsoraci," ta ce tana dariya. "Idan ya dawo ka ce aljanu ne suka ɗora."

Ranar da ya dawo ya shigo shagona da rana tsaka, yana gumi. Ya zauna a kujerar baƙi, daidai ƙarƙashin fanka. Ya dubi fankar, ya dubi keken yana gudu, ya leƙa ƙofar shago inda janaretana ke lulluɓe da buhu.

"Kai, ina injinka?"

"Yana hutawa, Kawu."

"Lafiyarsa ƙalau?"

"Ƙalau, Kawu."

Ya sake duban fankar. Ni kuwa na sunkuyar da kai ina ta ɗinkin da ba ya buƙatar ɗinki. Can ya ce, "Ƙaro mini gudun fankar nan." Na ƙara. Nan barci ya ɗauke shi a kujerar.

Amma abin ya taɓa shi. Janaretocin da ke layi a shagonsa suka ragu daga goma zuwa uku. Yakan buɗe da safe, ya goge sifanoninsa, ya jera, ya sake gogewa. Umma ta ce mini ya rage cin abinci, kuma idan 'yar ta zo gaishe shi, amsa ɗaya yake yi ya juya ga rediyo. Injiniya ma abin ya dame ta. Ta ce mini, "Ni ban zo don in rufe wa Baba shago ba."

Ana haka sai ƙungiyar masu lambu ta bakin rafi suka ba ta aiki. Su goma sha huɗu ne, maza da mata, suna noman tumatir da albasa da kabeji da injin ban ruwa mai shan dizal, kuma dizal ɗin ya kusa cinye musu riba. Suka haɗa hannu suka sayi famfo mai aiki da rana. Ta kafa farantai takwas a kan ƙarafa, ta ja waya, ta kunna. Motar famfon na juyawa, ruwa bai fito ba. Ta auna wuta, daidai. Ta sake bin wayoyin ɗaya bayan ɗaya, daidai. Kwana biyu tana fama, masu lambu sun fara kallon juna, shukarsu kuma ta fara langaɓewa.

A rana ta uku da safe ta zo shagon Kawu. Ina ɗinki na hango ta ta durƙusa a gaban bencin.

"Baba, na kasa."

"Me kika ce?" Ya ji sarai, so yake ta maimaita.

"Na ce na kasa. Wutar na sani, amma cikin famfon ban san shi ba. Ka taimake ni."

Kawu ya gyara zama, ya yi tari, ya dubi sama. Sannan ya miƙe ya zuba sifana uku da filaya da tsohuwar tayar ciki ta babur a jaka. Ya ƙwala mini kira: "Kai tela, rufe shagon nan ka kai mu!"

Na ɗauke shi a babur, ita ta biyo mu a nata. Da muka isa, masu lambu suka taso da murna, domin duk sun san shi. Shi ke gyara musu tsohon injin. Ya tsaya gaban sabon famfon ya ce, "Tayar."

"Ai a kunne yake, Baba."

Ya dube ta, ya dubi famfon. Ya saba da injin da ke sanar da unguwa cewa ya tashi. Ya durƙusa ya ɗora tafin hannunsa a jikin ƙarfen, ya rufe ido. Ya bi bututun da hannu har bakin ruwa, ya dawo.

"Iska yake sha," ya ce. "Wanda ya haɗa wannan mahaɗar da sauri yake."

"Ni ce," in ji Injiniya.

"Na sani."

Ya kwance mahaɗar, ya ciro robar da ta tsage, ya yanko sabuwa daga tayar babur da almakashi, ya ɗaure. Ya sa aka ɗura ruwa a bututun da bokiti har ya cika. Ya ce a kunna. Famfon ya yi ɗan gurnani, ya yi tari sau biyu, sai ruwa ya tsarto da ƙarfi ya jiƙe shugaban ƙungiya daga kai har ƙafa. Wuri ya kaure da shewa. Wata mata ta jefar da fartanyarta tana rawa a cikin magudanar ruwa.

Kawu bai shiga murnar ba tukuna. Zagaye famfon yake yi, yana leƙa ƙasansa. Ya je ya tsaya ƙarƙashin farantan, ya shafa ɗaya da bayan hannu.

"Uwata, haka zai yi ta yi har yamma?"

"Har rana ta faɗi."

"Ba mai, ba juyen baƙin mai, ba fulogi?"

"Babu, Baba. Sai dai a riƙa goge farantan."

Ya girgiza kai. "To zo ki nuna mini ta ina wutar ke bi."

Suka tsuguna su biyu a inuwar farantan, tana zana masa da tsinke a ƙasa, yana tambaya da ƙarfi kamar mai tuhuma. Ni na gaji da jira na koma shago.

Tun daga ranar suka haɗe. Ita ke da wuta da awo, shi ke da duk abin da ke juyawa. Yana da shekara hamsin da bakwai ya sayi littafi da biro, ya sa gilashi, ya zauna tana koya masa yadda ake haɗa batura. Idan ya yi kuskure ta gyara masa, sai ya ce, "Gwada ki nake yi." Abu ɗaya ne ya so ya gagare shi: hawa kwano. Ashe Kawu tsoron sama yake ji, ba wanda ya sani. Ranar farko ya kai mataki na biyar a tsani ya tsaya cak, ya rungume ƙarfen, ya ce yana duba ingancin tsanin ne. Mai aski ya fito da almakashi a hannu yana cewa, "Hayaƙi, ai hayaƙi sama yake yi!" Don haushin wannan maganar ya ƙarasa hawa. Saukowa kuwa sai da muka yi rabin awa muna lallashi.

Aikin da ya fi alfahari da shi shi ne na dattijuwa mai niƙa. Shekaru ta yi tana shaƙar dizal a ɗaki mai taga ɗaya, tari ya zame mata jiki, masu kawo niƙa kuma suna ƙorafin garinsu na warin mai. Kawu ya cire tsohon injin, ya ƙera mazaunin ƙarfe, ya ɗora motar lantarki mai juya injin niƙan, ya daidaita bel da hannunsa. 'Yarsa ta cika kwanon da farantai. Da aka kunna, dattijuwar ta zuba masara tiya ɗaya, ta tara hannu, ta shinshina garin. Ta ce, "Hayaƙi, kai ka sa mini wancan injin, kai ka cire mini shi. Allah ya yi maka albarka sau biyu." Yanzu tun hantsi take niƙa har la'asar, kuma ta ɗauki ƙanwarta aiki.

Layinmu ya yi shiru, shirun kuma ya zo da nasa rikicin. Mai aski ya saba gulma a ƙarƙashin ƙarar janareta, bai ankara ba cewa yanzu ana jinsa har kemis. Sau biyu ana zuwa sasanta shi da surukinsa. Ba kuma komai ne ya tafi daidai ba. Idan aka jera kwana uku ana ruwa, da guga na gawayi nake aiki. Batirin mai kemis ya mutu kafin lokacinsa, Kawu ya bi dillalin har sai da ya canza. Mai walda na bayan layi har yau da janareta yake aiki, kuma Kawu na gyara masa da jin daɗi, yana cewa kada hannunsa ya manta.

Bara masu lambu suka faɗaɗa gonarsu, tunda ruwa ya wadata, suka yanka wa Kawu kunya shida a gefen famfon suka ce tasa ce. Mutumin da bai taɓa riƙe fartanya ba ya zama manomi. Duk Asabar da safe zai je ya goge farantan, ya duba mahaɗai, sannan ya shiga shukarsa. Ruwa yake ba ta fiye da kima, an yi masa magana ya ƙi ji, wai ai kyauta ne. Rabin tumatirin ya ruɓe a tsaye.

Abin da ya tsira ya cika kwando ɗaya ƙarami. Ya ɗauro shi a bayan babur, ya bi layi shago-shago yana rabawa, kowa uku-uku. Ya ajiye nawa a kan teburin yanka, kusa da yadin mutane, ƙanana ne kuma duk sun tsage.

"Kawu, waɗannan ai sai a miya," na ce.

"To da a ina za ka sa su? Kai wa uwarka biyu, ka ce ƙanenta ne ya noma."

Ya fita ya tsallaka wajen mai aski, kwandon a hammata, yana kiransa tun daga tsakiyar titi.