Majanyin Inna Suwaiba

Duk wanda ya ce maka Inna Suwaiba ta Bungudu mace ce mai haƙuri, to bai taɓa taka ta ba. Faran-faran take da jama'a, ga kyauta, amma in ta riƙe ka a zuciya, ka shiga uku da rabi. Ba ta zagi, ba ta ɗaga murya. Shiru za ta yi, ta ci gaba da murza zare a cinya, har ka ɗauka ta manta.

Ubanta Umaru baduku ne, mangala yake ɗinka wa jakuna. A gabansa ta tashi tana miƙa basilla, har hannunta ya faɗa. Tsohon yana da doka ɗaya da ba ya karyawa: duk mangalar da ya ɗinka, sai ya cika ta da ƙasa ya saɓa a kafaɗarsa ya zagaya gida kafin ya miƙa wa mai jaki. Cewa yake jaki ba shi da bakin kai ƙara, don haka mai ɗinki shi ke fara ɗauka.

Da zamani ya juya, aka kore jakunan mutane a daji, masu tonon saiwa da masu cirar zuma suka koma ɗaukar kaya a ka. Suwaiba, lokacin mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya bakwai, ta sayi tsohon tamfol na manyan motoci ta fara ɗinka jakar goyo. Ba irin ta 'yan makaranta ba. Wannan ƙatuwa ce, tana cin gero tiya goma sha biyar, ga wurin tabarma a sama, ga aljihun gora a gefe, ga sandunan gora biyu a ciki da ke tsayar da bayanta. A murfinta kuma tana liƙa 'yar jar fata mai kusurwa uku, shaidar aikinta ke nan.

Amma sirrin jakar yana ƙasa. Wata faffaɗar ɗamara ce take ɗinka mata, mai taushi, a zagayo da ita a ɗaure tamau bisa ƙugu. Majanyi take kiranta, kamar wanda mata ke ɗaure goyo da shi. Ta goya yara bakwai, ta san ba kafaɗa ke ɗaukar ɗa ba, ƙugu ne. Igiyoyin kafaɗa, in ji ta, don kada kaya su yi baya kawai aka sa su. Da farko maza sun yi ta dariya, wai namiji da majanyi. Wanda ya yi tafiyar yini guda da ita bai ƙara dariya ba.

Mutum na farko da ya ɗaura shi ne ƙaninta Attahiru, ɗan dako. Shi ne autansu, ita ta goya shi bayan rasuwar uwarsu, don haka ɗa take ɗaukarsa ko da ya yi gemu. Wata ƙungiya mai kai magani ƙauyuka ta ɗauke shi aiki tare da wasu 'yan dako, su ne ke ratsa duwatsun bayan Tsafe da damina, inda babur ba ya shiga.

Sai ga Bashar. Ɗan maƙwabta ne, a zauren su Suwaiba ya girma, ya buɗe shagon jakunkunan gwanjo a Tudun Wada cikin Gusau. Shi ke kai mata jakunkuna birni yana sayarwa. Bakinsa kamar an shafa zuma, Inna kaza, Inna kaza. Wata rana ya zo ya durƙusa har ƙasa ya ce, "Inna, mutanen ƙungiyar nan na neman jaka arba'in. Ki ɗinka mini guda ɗaya wadda ba ki taɓa yin irinta ba, in kai musu su gani."

Mako biyu ta yi a kanta. Da ya karɓa, sai bayan wata guda ya dawo yana sosa ƙeya, wai sun ce ba ta yi musu ba, sun ma riƙe ta a ofis. Ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri.

Ashe ɗan banzan ya karɓi aikin. Ya tara teloli a Gusau, suka ɗinka arba'in da siririn yadi, ɗinki ɗaya tal, majanyin kuwa kamar igiyar wando, don ado kawai. Ya yanko jar fata ya liƙa wa kowacce. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Ranar da aka raba wa 'yan dako jakunkunan a Tsafe, Attahiru yana taɓawa ya san ba hannun yayarsa ba ne. Ya faɗa wa shugaban tafiyar, aka ce masa kowa iri ɗaya zai ɗauka, kuma mota ta riga ta juya. Ya ce in ya dawo zai faɗa mata. A kwana na biyu, suna gangarowa daga wani falalen dutse da ruwa ya jiƙa, igiyar kafaɗar dama ta tsinke. Kayan suka juya da shi, ya faɗa tsakanin duwatsu biyu, jakar a kansa. Tun hantsi yake kwance a wurin, sai la'asar abokan tafiyarsa suka samu igiya da mutanen da za su ciro shi. Ƙugunsa ya karye. An yi ɗori, an je asibiti, ƙafar hagu dai ba ta sake ɗaukarsa ba.

Da aka kira Bashar ofis, ko gezau bai yi ba. Ya ce shi dillali ne, ga shaidar mai ɗinki nan a murfi, a je Bungudu a tambaye ta. Magana ta bazu daga tashar Gusau har kasuwar Tsafe, cewa jakar Suwaiba ce ta nakasa ƙaninta. Ta rantse, ta nuna ɗinkin, aka ce ai kowa ya yi ɓarna haka yake cewa. Masu zuma suka daina zuwa. Wata maƙwabciya ma ta zo jaje ta ce mata, ayya, gaggawa ce ba ta da kyau.

Suwaiba ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Ta karɓi tsinkakkiyar jakar ta rataye a ƙusa saitin inda take zama, kullum da safe ita take fara gani. Ta tsani Bashar, tsana irin wadda ke hana mutum jin daɗin abinci, kuma ba ta ɓoye ba. Limamin unguwa ya ce ta bar wa Allah. Ta ce, "Na bar masa, Malam. Roƙona dai ya ba ni aron ranar in gani da idona."

Shekara biyu tana jira. Ta koma ɗinkin katifa da facin buhu. Ita ta sassaƙa wa Attahiru sandunan dogarawa, ta naɗe musu kai da tsumma don kada su ci masa hammata. Bashar kuwa ya je Makka ya dawo Alhaji, ya ajiye tumbi, ya daina bin layinsu.

Sai wata ranar kasuwa tsoffin abokan aikin Attahiru suka zo gaishe shi, suka ce ƙungiyar za ta sake sayen jakunkuna, kuma Alhaji Bashar ya kai wata, wai sabon samfuri ne da ya sa aka yi masa, mai kyan gaske. Suwaiba ta ajiye basilla. Washegari ta hau mota zuwa unguwar Damba a Gusau, inda ofishin yake. Kwana uku tana zuwa tana zama a benci da tsinkakkiyar jaka a cinya, kafin Oga Victor, mai kula da sayayya, ya gaji ya ce a shigo da ita. Mutumin kudu ne, amma ya daɗe a Gusau, Hausarsa ta nuna.

"Mama, me kike so?" in ji shi.

"Ba aiki na zo nema ba," ta ce. "Dokar ubana na kawo maka. Mai jaka shi ke fara ɗauka. Duk wanda zai sayar muku, a cika tasa da gero ya hau da ita gaban waɗanda za su ɗauka. Ni ma zan kawo tawa."

Victor ya so ya yi dariya, amma 'yan dakon da suka rako ta suka ce su ma ba za su ƙara goya jakar da mai ita bai goya ba. Aka sa rana, aka zaɓi gindin dutsen Kwatarkwashi, tunda yana kan hanya tsakanin Gusau da Tsafe.

Ranar da hantsi aka hallara. An kawo Attahiru a babur, ya zauna a kan dutse da sandunansa. Bashar ya sauko daga mota cikin shadda, yana murmushi, ya ce, "Inna, ina kwana?" Ba ta amsa ba, don idonta na kan abin da ya fito da shi daga bayan motar. Jakarta ce. Ita ce wadda ta yi mako biyu tana ɗinkawa, an ɓamɓare jar fatar an liƙa wani tambari mai rubutun Turanci.

Ta zo ne ta ga jakarsa ta tsinke a bainar jama'a, ga shi ɓarawon ya zo da wadda ko raƙumi aka ɗora wa ba za ta tsinke ba. Aikin hannunta ne zai cece shi. Duk da haka ta ce a zuba geron.

Aka auna tiya goma sha biyar a kowacce. Suwaiba, mai shekara hamsin da huɗu, ta gyara hijabi, ta durƙusa, aka ɗora mata. Ta zagayo da majanyi ta ɗaure bisa ƙugu, ta miƙe da bisimilla. Mutum biyu suka ɗaga wa Bashar tasa, ya zura hannaye. Ya kai hannu zai kamo ɗamarar ke nan, wani ɗan dako ya ce, "Kai jama'a, yau Alhaji zai yi goyo. A miƙa masa majanyi." Aka fashe da dariya, har da masu tallar rake. Bashar ya dubi shaddarsa, ya dubi mutane, ya saki ɗamarar tana reto. "Wannan ai na mata ne," ya ce.

Shekara nawa yana sayar da jakar nan, bai taɓa goya ta ko sau ɗaya ba. Suwaiba ta gani sarai. Kalma ɗaya za ta faɗa ta cece shi, ta ja bakinta ta tsuke.

Suka kama hawa. Ita a hankali take tafiya, taku ɗaya bayan ɗaya, kamar mai zuwa rijiya. Shi ya fara da sauri don ya nuna ƙarfi. Kafin taku ɗari igiyoyin sun nutse masa a kafaɗa, wuyansa ya sanƙare, hula ta faɗi. Kayan na janyo shi baya, shi yana sunkuyawa gaba, zufa ta jiƙa shaddar sharkaf. Ta wuce shi ko kallo bai ishe ta ba. Ta kai bishiyar da aka sa iyaka, ta taɓa, ta juyo. A hanyar dawowa ta same shi ya zube bisa gwiwoyi, fuskarsa a ƙasa, jakar ta danne shi, hannayensa sun maƙale cikin igiyoyin. Ko zare ɗaya bai tsinke ba.

"Ku ɗaga mini," yake cewa, murya a shaƙe. 'Yan dakon suka tsaya suna kallon Suwaiba.

"Ku dakata," ta ce. Ta dubi Victor. "Ka tambaye shi, tunda shi ya sa aka ɗinka, me ke cikin majanyin?"

Victor ya tambaya. Bashar ya yi nishi ya ce soso ne, irin na kujera.

"Audugar rimi ce," in ji ta, "naɗe cikin tsohon zanena shuɗi mai zanen kifi. A farke. In ba haka ba ne, ni na nakasa ƙanina."

Victor da kansa ya sa reza ya farke gefen ɗamarar. Audugar rimi ta ɓullo, ga shuɗin zane da kifayensa. Attahiru ya dogara ya matso, ya miƙa sandarsa. Tsumman da ke naɗe a kanta ragowar zanen ne, kifi ɗaya har ya rabu biyu, rabi a nan rabi a can. Victor ya cire tabarau ya ce wa Bashar sauran bayani a gaban hukuma za su yi shi, da batun arba'in ɗin nan duka.

"Inna, ki yafe mini," in ji Bashar daga ƙasa. "A zaurenku na girma."

Ta sauke jakarta, ta zauna a kanta daf da kansa, ta gyara zama. "Tun hantsi ƙanina ya kwanta, sai la'asar aka ciro shi," ta ce. "Kai ko rabin sa'a ba ka yi ba."

Attahiru ne ya kasa jurewa. "Yaya, ya isa haka. Ni na yafe masa."

"Ƙafarka ce, kana da ikon yafewa," ta ce. "Ni shekara biyu ana nuna ni ana cewa ga wadda ta karya ɗan da ta goya. Wannan ban yafe ba, kuma ba zan yafe ba." Ta sunkuyo kan Bashar. "Faɗa musu wa ya ɗinka arba'in ɗin. Da ƙarfi, masu rake ma su ji."

Ya faɗa. Ta ce ba ta ji ba, ya sake faɗa. Sannan ta yi wa 'yan dakon alama suka ɗaga masa.

Yau in ka je Bungudu za ka same ta a tsakar gida da tamfol shimfiɗe, Attahiru a gefe yana murza mata zare da kakin zuma. Masu zuma sun dawo, har da layi. Shagon Tudun Wada an mayar da shi wurin cajin waya. Sau uku Bashar yana turo dattawa neman gafara, sau uku tana ba su ruwa su sha su koma. Tsinkakkiyar jakar tana nan a ƙusarta. Attahiru ya ce ta sauke ta haka nan, ta ce ranar da ya tashi ya sauke ta da ƙafafunsa biyu, ranar za ta amsa gaisuwar Bashar.