Ranar da Aka Ce wa Yaya Kar Ta Ƙifta

Yayata mai kwalliya ce. Shagonta ɗan ƙarami ne, a matse tsakanin mai gyaran waya da mai wanki da guga: kujera ɗaya mai juyawa, madubi mai fitilu a kewaye, da kanta cike da hoda, jambaki, jagira da burushi iri-iri. Tun ina sakandare take wannan sana'a, kuma duk macen da ta taɓa zama a kujerar nan ta san dokar wurin. Yaya za ta ɗago haɓarki da yatsa biyu ta ce, "Dubi sama. Kar ki ƙifta." In kuwa kika ƙifta, kin shiga uku. Za ta ajiye burushi, ta riƙe ƙugu, ta tambaye ki ko barkono ta zuba miki. Har suna aka sa mata a layin, Anti Kar-ki-ƙifta, kuma tana amsawa.

Da shekaru suka fara turawa, sai ido ya soma yi mata gardama. Abin da ke kusa ya koma dishi-dishi. Aka yanka mata tabarau, amma tabarau da sana'arta ba sa ga maciji. Hoda ta bule gilashin, numfashin mai zaman kujera ya rufe shi da tururi, in ta sunkuya ya silalo kan hanci. Rannan ma a cinyar wata mata ya faɗa. Tun daga nan da ta ɗauki burushi sai ta tura shi saman kai.

"Wace ce za ta miƙa fuskarta ga mai tabarau kamar gindin kwalba?" in ji ta. "Ki bar ni, Auta, hannuna ya san hanya."

Hannun ya san hanya, amma ya fara ratsewa. Ba wadda ta yi mata magana, mata dai suka riƙa zarewa ɗaya bayan ɗaya zuwa sabon shagon da aka buɗe a ƙarshen layi. Wata rana wata ta dubi madubi bayan an gama mata, ta nemi auduga, ta goge fuskarta tas, ta fita ko sallama babu. Da yamma na tarar da Yaya zaune a kujerar da ba ta taɓa zama a kai ba.

"Auta," ta ce, "in ba kwalliya ba, me na iya?"

A shagon nan fa ta raini 'ya'yanta uku, da ni ta huɗu. Na ce mata ai akwai ɗan gilashin nan mai laushi da ake ɗorawa a kan ƙwayar ido, wanda ake kira kontak. Yana aikin tabarau, kuma ba mai sanin kina sanye da shi.

Ashe na tsokano tsuliyar dodo. Washegari mutumin da ke kawo mata gashin ido da faratan roba ya zo da kayansa, ta tambaye shi ko yana da kontak. Ya zaro kwali guda. Yaya ta zaɓa yadda take zaɓen jambaki, ta kara wannan a bayan hannu, ta kara wancan, ta tsaya a kan ruwan zuma. Ba awo, ba gwaji, kuma abin na ado ne kawai, ba ya ƙara gani ko na anini. Ta yi ta kokawa da shi har idon ya yi ja wur, bai ma shiga ba. Araha dai ba ta ado. Na saka ta a gaba muka tafi wurin likitar ido.

Likitar ta auna kowane ido daban, don ashe na hagu ya fi na dama lalacewa. Ta auna har lanƙwasar ƙwayar, ta ce kontak ma kamar takalmi ne, kowa da lambarsa. Ta bayyana mana cewa akwai wanda ake sawa yini ɗaya a yar, akwai na wata guda da ake wankewa kullum. Yaya ta zaɓi na wata, irin mai nuna kusa da nesa. Sai likitar ta dubi hannunta.

"Anti, waɗannan faratan fa sai sun tafi."

Yaya ta dubi faratanta zara-zara masu jan fenti kamar za a kai su makarantar kwana. Aka yanke. Ta wanke hannu da sabulu, ta goge. Aka ɗora mata kontak a kan ɗan yatsa, yana zaune kamar ƙaramin ƙoƙo. Ta zauna gaban madubi, ta ɗaga yatsa, yana kusantar ido sai idon ya rufe ruf. Ta sake, ya rufe. Ta sake, kontak ya manne a kumatu.

"Anti," likitar ta ce cikin ladabi, ba ta san da wa take magana ba, "kar ki ƙifta."

Sai da na fita waje na dafa bango saboda dariya. Wanzami ba ya son jarfa! Matar da ta yi shekara da shekaru tana wasa da tsinken kwalli a idon mutane, ga ta nan tana hawaye shaɓe-shaɓe saboda yatsanta na kanta. Dokar likitar kuwa ita ce ba mai tafiya gida da kontak sai ya iya sawa da cirewa da hannunsa. Muka koma gida hannu rabbana. A hanya dariyar ta gushe min, don na ga yadda take murza yatsun da aka yanke wa farce.

Zuwa na gaba ma haka aka fara. Ido na rufewa, kontak na faɗuwa, likitar na wankewa tana miƙo mata. Can sai Yaya ta miƙe tsaye ta ture kujerar da ƙafa.

"Likita, ni ban taɓa taɓa ido ina zaune ba. Ɗaga min madubin nan sama. Juyo da fitilar ta wannan gefen."

Aka yi yadda ta ce. Ta gyara tsayuwa, ta dubi matar da ke cikin madubi sama da ƙasa kamar yau ta fara ganinta, ta haɗe rai.

"Ke baiwar Allah," ta ce mata, "ina da mutane suna jira. Ɗago. Dubi sama. Kar ki ƙifta."

Ta ja fatar idon ƙasa da yatsa ɗaya, ta danne ta sama da ɗayan hannun, ta ɗora. Ya zauna daram. Kafin mu rufe baki ta sa na biyun. Ta lumshe ido, ta buɗe, ta juyo ta tsura wa likitar ido har na fara tsammanin godiya za ta yi.

"Likita, wa ya zaɓa miki hodar nan? Ba kalarki ba ce."

Bayan ta nuna ta iya cirewa, aka jero mata dokoki. Kontak kafin kwalliya, kuma a cire shi kafin a goge kwalliya. Ba a wanke shi da ruwan famfo, sai da ruwansa na kwalba, kuma kullum a zubar da tsohon ruwan da ke ɗan akwatin da ake ajiye shi a zuba sabo. Ba a barci da shi. Duk ta amince, sai da aka ce ta daina zizara kwalli a cikin ido, a waje kawai. Nan aka sha muhawara, amma ta sallama. Yanzu ɗan akwatin kontak ɗin nan yana saman durowarta, kuma yaron da ya taɓa shi ya san sauran.

Ranar Asabar ina shagon sai ga Lauya ta shigo, wata dattijuwar mace da ke cikin 'yan kaɗan ɗin da ba su gudu ba. Yaya ta yi mata aiki tsaf, gira biyu kamar da ma'auni aka ja su. Lauya ta daɗe tana kallon madubi, ta juya dama, ta juya hagu. Sai ta buɗe jakarta, ta ciro wata 'yar guntuwar jagira da tsinken auduga, ta ajiye a kan kanta.

"Riƙe waɗannan, Anti. Na gama da su."

"Na mene ne, ranki ya daɗe?"

"An daɗe, duk na fita daga nan sai na tsaya a mota na daidaita girar hagu kafin in tayar."

Yaya ta dubi guntuwar jagirar, wadda ta kusa ƙarewa saboda amfani. Muryarta ta yi ƙasa.

"To me ya hana ki komawa can ƙarshen layi kamar sauran?"

"Ranar da zan fara tsayawa gaban alƙali, ke kika yi min kwalliya, kika ce in ɗaga kai. Ina zan je?"

Idon Yaya ya ciko. Ta juyo wurina da sauri, ta buɗe hannu a ƙarƙashin haɓa kamar mai tarar ruwan sama.

"Auta, hawaye dai ba ya fitar da abin nan, ko?"